Fankar furosesa da bazarar Sakkwato

Laraba, tsakiyar bazara

Kwalin ya iso daga Kano jiya da magariba. Direban da aka ba ya kira ni na je tasha na karɓa, amma ban buɗe ba sai yau bayan na karya kumallo. Fankar furosesa ce, wato mai sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin mai hasumiya, DeepCool AK400: bututun jan ƙarfe 4, faya-fayan alminiyon jere a kan juna, da fanka mai faɗin milimita 120. Na daɗe ina tara mata kuɗi, domin tun da zafin nan ya kankama aikina ya daina tafiya yadda ya kamata.

Haɗa bidiyon biki shi ne abincina, kuma kwamfutar teburin nan ita ce jarina. Furosesar da ke ciki Ryzen 5 3600 ce, wadda AMD ta fitar a 2019, mai ƙwaya 6. Iyakar zafin da aka yanka mata digiri 95 ne. Idan ta kai nan ba ta ƙonewa, sai dai ta rage gudu da kanta don ta tsira, kuma abin da ke faruwa da ni ke nan kullum da rana. In sa bidiyon ɗaurin aure ya fita, fanka ta yi ta kuka, aikin da ya kamata a gama kafin azahar ya kai ni la'asar, masu biki kuma suna ta kiran waya. Duk wanda ya taɓa yi wa dangin amarya alkawarin rana ya san nauyin wannan.

Kafin in taɓa komai sai da na auna. Na rataye ma'aunin zafi a bango kusa da teburin, na buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafin furosesa, na sa wani bidiyo da na riga na gama ya sake fita. Da hantsi ne, ɗakin yana 35. Ba a jima ba furosesa ta hau 95 ta zauna. Na rubuta lambobin biyu a takarda, na ɗaki da na furosesa, saboda ɗaya ba ta da ma'ana in babu ɗayar.

Daga nan na hau babur zuwa titin Emir Yahaya wurin maigidana, wanda a hannunsa na koyi kwance kwamfuta. Sifirit nake so na goge tsohon man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka, da aron bulowa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna da mutanen gida. Wani yaron shagon da ya ji abin da na sayo ya ce:

"Yaya, mi ya hana ka sayen ta ruwa? Ita ce aka yayi yanzu."

Ban kai ga amsawa ba maigida ya riga ni. "Bar shi da ta iska. Ta ruwa in famfonta ya mutu, wa za ya gyara maka shi nan Sakkwato? Wagga kuwa in fanka ta lalace, ka tahi kasuwa ka sayo wata ka ɗaura, an gama."

Ra'ayina ke nan tun farko. Ba na raina ta ruwa, tana da inda take amfani, musamman ga manyan furosesoshi masu cin wat 200 zuwa sama. Amma ita ma ruwan nata ba ya haɗiye zafi ya ɓatar da shi. Yana kai shi ga lagireto ne, fankoki su hura shi cikin iskar ɗakin da kake zaune. Ga famfo mai aiki ba hutawa, ga tiyo da ruwa a saman madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kai, ga tsada. Furosesata duk ƙoƙarinta wat 88 take ja. Ƙarfe da iska sun ishe ta, kuma a ƙarfe babu abin da zai lalace.

Na dawo gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta riga ta buɗe. Na kunna kwamfutar na ɗan lokaci don man da ke tsakanin furosesa da tsohuwar fanka ya yi laushi, sannan na kashe, na zare waya daga bango. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai soket ɗin AM4, wato irin mazaunin da furosesata ke zaune a ciki. Ƙafafun furosesar, su 1331, a jikinta suke, sirara ƙwarai. Idan man ya bushe ya kama, kana fizgo fanka sai ta taho da furosesar gaba ɗaya, ƙafafu su lanƙwashe. Don haka bayan na kwance sukurori huɗun ban ja sama ba, na murɗa hagu da dama a hankali har ta saki.

Abin da na tarar a cikin tsohuwar fankar ya sa na yi shiru. Ƙurar hunturu ta shige tsakanin faya-fayan ta daskare, ja-ja-ja, iska ba ta da hanyar wucewa sai ta gefe. Man kuwa ya bushe yana farfashewa. Ita fankar da ke zuwa tare da furosesa, Wraith Stealth, ba ta da laifi, an yi ta daidai da aikin da aka tsara mata. Amma a garin da hazo ke sauka tun daga Nuwamba har Fabrairu, sannan bazara ta biyo baya da digiri 40 da ɗoriya, ƙaramin dunƙulen alminiyon ba zai kai labari ba. Na fitar da akwatin tsakar gida na hure shi da bulowa, ina danne kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Ƙanena ya dawo daga makaranta ya same ni ina goge saman furosesa da sifirit. Ya ɗauki sabuwar fankar yana jujjuyawa, ya ce, "Yaya, waɗanga ƙarahunan cikinsu rami ne?" Na ce masa rami ne, kuma da ruwa a ciki. Ya zaci wasa nake.

Na zaunar da shi na yi masa bayani, domin wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk na'urar. Kowane bututu an zuƙe iskar cikinsa, an ɗiga ruwa kaɗan, an toshe bakinsa. Da yake babu matsin iska a ciki, ruwan ba ya jiran digiri 100 kafin ya tafasa, ɗumi kaɗan ya ishe shi. Gindin bututun yana zaune a kan furosesa, nan ruwan ke zama tururi, ya kwashi zafi ya yi sama. A can sama faya-fayan alminiyon suna karɓar zafin, fanka tana hura iska a tsakaninsu, tururin ya huce ya koma ruwa. Jikin bututun daga ciki kuma an shimfiɗa masa garin jan ƙarfe da aka gasa ya manne, shi ke tsotso ruwan ya maido shi gindi. Haka yake ta zagayawa, babu famfo, babu lantarki.

Yaron ya yi tunani ya ce, "Ashe randar Inna ce." Na ji daɗin maganar, domin ya kama rabin gaskiya, kuma ragowar rabin shi ne duk darasin yau. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafa, danshin ya bi busasshiyar iska ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma bututun fanka a rufe yake, tururinsa ba ya fita ko'ina. Iyakarsa ya ɗauko zafi daga furosesa ya miƙa wa iskar ɗaki. Ba zai taɓa sauko da ita ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa ba, ko da hasumiyar ta kai girman akwatin gaba ɗaya.

Ɗaurawar ba ta ba ni wahala ba. Na riga na auna faɗin akwatina tun kafin in yi oda, saboda tsayin wannan fankar milimita 155 ne, kuma akwai akwatunan da murfinsu ba zai rufu a kanta ba. Farantin ƙarfen da ke bayan madabod shi ake sake amfani da shi, sai ƙanena ya tallafe shi da hannu ina ɗaura ƙafafun. Na tabbatar babu leda ko murfin roba da ya rage a gindin fankar. Game da mai, mutane suna yawan lafta shi da yawa suna zaton shi ke sanyaya furosesa. Aikinsa kawai ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya kori iskar da za ta maƙale a wurin, domin iska ba ta wuce da zafi. Jan ƙarfe ya fi man iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, don haka gwargwadon sirantar man, gwargwadon kyan aikin. Ɗigo ɗaya a tsakiya ya wadatar, matsi ne zai baje shi. Na ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don nauyin ya zauna daidai. Fankar na juya ta yadda za ta ja iska daga gaban akwati ta tura baya, inda wata fankar ke fitarwa waje, na soke wayarta a ramin da aka rubuta CPU_FAN.

Ina gamawa aka ɗauke wuta. Inna ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, hito ka sha hura, ka bar ƙarhen nan ya huta." Na fito na sha fura da nono a inuwar dalbejiya, na yi azahar, na ɗan kishingiɗa. Hankalina dai yana ɗaki.

Wutar ta dawo gab da la'asar, lokacin da kwanon rufi ya gama shan rana. Ma'aunin bango yana nuna 38. Na sa bidiyon nan na safe ya sake fita, na zuba wa lambobin ido. Ta hau 70, ta hau 80, ta yi ta wasa tsakanin 83 da 84, ta tsaya nan har aikin ya ƙare. Gudun bai sauka ba ko sau ɗaya, ƙarar kuma ta ragu har ina jin maganar mutane a tsakar gida. Na yi hamdala da ƙarfi, ƙanena ya shigo da gudu ya ga abin da ya faru.

Na san wani zai ga 84 ya ce ai har yanzu da zafi, shi ya ga masu gwaji a YouTube suna samun sittin da wani abu da irin wannan fankar. Gaskiya suka faɗa, amma a duba ɗakin da suke gwajin. Yawancinsu a Turai ko Amurka suke, cikin ɗaki mai digiri 21 ko 22. Abin da fanka ke iya yi shi ne tazarar da ke tsakanin furosesa da iskar ɗaki. Tawa tazarar yau 46 ce: 84 a cire 38. Ɗora 46 a kan 22, ka samu 68, daidai da abin da suke nunawa. Fankata ba ta gaza tasu ba, ɗakina ne ya fi nasu zafi da digiri 16. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na sha ganin samari a nan suna kashe kuɗin da suka sha wahalar tarawa, su sayi fanka, su ga lambar ba ta yi daidai da ta bidiyo ba, su ce an cuce su da jabu, su sake sayen wata. Babu wanda ya gaya musu su fara auna ɗakin. Mu a Sakkwato ɗakin ma wani sashe ne na fankar, kuma shi ne sashen da ya fi wuyar gyara.

Saboda haka sauran yammacin a kan ɗakin na ƙarar da shi. Na ɗauke akwatin daga ƙasa, inda yake shaƙar duk ƙurar da ƙafa ta tayar, na ɗora shi a kan benci. Na janye shi daga bango kamar taƙi biyu don iskar da yake fitarwa ta samu wurin tafiya, kada ta dawo masa. Na tattara wayoyin ciki na ɗaure su gefe. Sannan na shiga BIOS, wato wurin saitin madabod, na kunna Eco Mode, wanda ke rage wutar da furosesa take ja. Na sake gwadawa: 74, kuma lokacin fitar bidiyon bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Wannan ya yi mini daɗi ta fuska biyu, domin ranar da nake kan inbata batir zai fi jimawa. Zan bar shi a haka har damina ta sauka, in ya so sai in mayar da ita cikakken ƙarfinta.

Bayan isha'i iska ta ɗan saki, ɗakin ya sauko 32. Na jera bidiyon bikin Mabera da na Arkilla su fita cikin dare, tunda yanzu na ga da idona abin da digiri shida na ɗaki ke yi. Daga yau tacewa da yanka da rana, fitarwa da dare ko bayan asuba. Gobe in Allah ya kai mu zan mayar wa maigida bulowarsa, in biya Babbar Kasuwa in nemi raga mai ƙananan idanu da zan yanka in manna a gaban akwatin, don ƙurar iskar farkon damina ba ta da nisa. Ƙanena ya roƙi in bar masa tsohuwar fankar, wai zai haɗa ta da batirin babur ya ga ko za ta juya. Na wanke masa ita na ba shi.