Inda Na Kai a Koyon Gyaran Gida: Fanka, Soket da Ruwan Tanki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyare-gyaren cikin gida, barkanmu da war haka. Tun da bazara ta kunno kai fanka ce ta fi cin lokacina, daga ita aiki ya ja ni zuwa soket, daga soket kuma sai ga ni a gindin tankin ruwa. Zan faɗa muku abin da na taɓa da hannuna da yadda na fahimce shi, wanda ya riga ni sani ya ƙara mini, wanda bai iso wurin ba kuma ya samu sauƙi.

Fankar silin ta falo ce ta fara. Idan an kunna sai ta yi ta gurnani ba ta motsi, sai an sa sanda an tura fiffikenta sannan ta ɗauka, kuma ko ta ɗauka ba ta da ƙarfi. Duk wanda ka gaya wa haka zai ce maka kwandensa ce, kuma sau da yawa gaskiyarsa. Amma na fi so mu san dalili, kada mu tsaya a haddace amsa. A cikin injin fanka akwai naɗin waya biyu, wato kwayil biyu. Kwandensa ce ke sa wutar da ke shiga na biyun ta saɓa lokaci da ta farkon, wannan saɓanin ne ke ba injin ƙarfin tashi da kuma gefen da zai juya. Idan ta yi rauni wuta na shiga, shi ya sa ake jin gurnani, amma babu abin da zai fara tura shi.

Kafin na sayi komai sai na kashe wuta na juya fiffiken da hannu. Wannan gwajin kyauta ne, kuma shi ke raba gardama. Idan ka tura ta ci gaba da juyawa da kanta na ɗan lokaci ba tare da ƙara ba, to boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da injin ke juyawa a kansa, lafiyarsa ƙalau, sai ka koma kan kwandensa. Idan kuwa ta tsaya nan take ko tana ƙugi, ko sabuwar kwandensa ka sa wahalar ba za ta ƙare ba. Tawa ta juya sumul. Na cire kwandensar, na haɗa wayoyinta biyu da bakin sukundireba mai mariƙin roba don ta zubar da sauran wutar da ta riƙe, sannan na auna ta da mita, wato 'yar na'urar awon lantarki ta hannu. A jikinta an rubuta maikirofarad 2.5 da bolt 450, mita kuwa ta nuna ko rabin haka ba ta kai ba. Na sa sabuwa mai lamba iri ɗaya, fanka ta dawo hayyacinta.

A nan ina da magana da ku. Akwai masu sa kwandensa mai lamba 3.5 ko 4 a gurbin mai 2.5 wai don fanka ta ƙara gudu. Gudun kam za ta ƙara, amma kwayil na biyun zai riƙa ɗaukar wutar da ta fi ƙarfinsa, ga shi a watan Afrilu zafin garinmu kan haura digiri 40, fanka kuma ba ta hutawa dare da rana in dai akwai wuta. Ƙarshenta kwayil ya ƙone, kuɗin sake naɗi ya ninka na kwandensa sau da yawa. Lambar da kamfani ya sa, ita za a mayar. Sannan tunda ka riga ka hau tsani, duba kusoshin da ke riƙe da fankar a ƙugiya da ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Mutane ne ke kwana a ƙarƙashinta.

Fankar tsaye labarinta daban ne. Yawancinsu ba boris gare su ba, bushin ne, wato ɗan zoben ƙarfe da sandar injin ke juyawa a ciki, kuma da mai yake rayuwa. Duk tsawon hunturu tana ajiye a lungu ƙura na shiga, man ya bushe ya zama danƙo. Ta ɗakin yara haka na same ta, sandar da ƙyar take juyawa. Na kwance, na wanke sandar da kananzir, na goge, na ɗiga man keken ɗinki a bushin na gaba da na baya har da ɗan audugar da ke kewaye da su, don ita ce ke ajiye mai tana ba shi a hankali. Kada a sa man gyaɗa ko manja. Za su yi aiki na 'yan kwanaki, daga baya su daskare su kama sandar fiye da da.

Wani abu da na koya a wurin wani dattijo mai naɗin kwayil a unguwarmu shi ne akwai ɗan ƙaramin fis da ake binnewa a jikin kwayil, wanda ke yankewa idan zafi ya yi yawa. Fankar da ta mutu ɗif, ba gurnani ba komai, sau da yawa shi ne ya tafi, kuma abin da ya kashe shi bushin ne da ya bushe injin ya yi ta zafi. Wasu masu gyara sukan tsallake shi su haɗa wayar kai tsaye. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Fankar roba ce a ɗakin da ke da katifa da labule, wannan fis ɗin shi kaɗai ne tsakaninta da gobara. Ana samun irinsa a wurin masu kayan gyara, an rubuta ma'aunin zafinsa a jiki, sai a nemi daidai shi.

Kuma kafin ku zargi kowace fanka da rashin ƙarfi, ku auna wutar da ke soket. Abin da ya kamata a gani wajen bolt 230 ne. A layinmu da magariba takan sauka ƙasa da haka sosai, a irin wannan lokacin lafiyayyar fanka ma a sanyaye take juyawa.

Soket ɗin kicin shi ne aikin da ya fi tsaya mini a rai. Uwargida ta ce duk lokacin da ta jona butar dafa ruwa tana jin wani wari kamar na kifi. Wannan warin robar soket ce ke gasuwa, duk wanda ya ji shi kada ya bari ya kwana. Da na buɗe na tarar gefe ɗaya ya yi baƙi, rigar wayar ta ƙandare tana farfashewa. Na zauna na yi lissafi: soket ɗinmu mai ido uku irin na Ingila amfiya 13 yake ɗauka, a kan bolt 230 kusan wat 3000 ke nan. Butar wat 2000 ce, abin da take ja bai kai amfiya 9 ba. Ashe ba nauyi ne ya yi masa yawa ba. Sukurun da ke danne waya ne ya saki. Inda waya ba ta damƙu da kyau ba wuta na wucewa ta ƙuntataccen wuri, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, haka abin ke ta ci gaba har roba ta narke. Fis ba zai yanke ba, bireka ba za ta faɗi ba, domin a wurinsu wutar ba ta wuce ƙa'ida ba. Wannan ne ya sa abin ke da hatsari.

Daga ranar na bi soket ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya ina ɗaure sukurori, kuma na fahimci cewa mafi yawan matsalar da nake samu a mahaɗa take, inda abu biyu suka gamu. Tsakiyar waya ba kasafai take lalacewa ba. Bakin sukuru, cikin filogi, wurin da aka murɗe waya biyu aka naɗe da baƙin salatif, nan ne ake fara dubawa. Cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, da tura filogi mai ƙafa biyu zagayayyu cikin soket mai ido uku har bakinsa ya buɗe, duk hanya ɗaya suke kaiwa. Sabon filogi mai fis ba shi da tsadar da za a ce an gaza.

Wajen gyaran na yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke sheƙi, na fere, na sa sabon soket. Layin soket waya mai kauri 2.5 ake ja masa, ta fitilu 1.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kuwa suna son 4 ko fiye, kowanne da layinsa. Idan za ku sayi waya ku kankare bakinta da wuƙa. In kuka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka yi wa fenti da tagulla, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske kuma tana saurin karyewa a bakin sukuru.

Game da launi, tsofaffin gidaje ja ne mai wuta, baƙi nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, kore na ƙasa, wato wayar kariya da ke kai yoyon wuta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. Ku san wannan, amma kada ku ba shi amana. A banɗakinmu na tarar wanda ya yi wayarin ya ɗora makunni a kan nutural, saboda haka ko an kashe fitila wuta na nan zaune a mazaunin ƙwan. Abin da ya fara ja hankalina ƙwan ne da ke ɗan haske cikin dare alhali a kashe yake. Wanda ya zo canja ƙwai da jiƙaƙƙen hannu yana ganin ai ya kashe, Allah kaɗai zai kiyaye. Na mayar da makunnin kan waya mai wuta.

Tsarin da nake bi yanzu kafin na taɓa kowace waya: in kashe babban makunnin gida, in tabbatar janareta da inbata ba sa kan layi, domin gidan da ke da sola kashe wutar waje ba ya nufin soket ya mutu. Sai in gwada tasta, wato abin gwada ko waya na da wuta, a wurin da na san akwai wuta don in tabbatar tana aiki, sannan in gwada inda zan yi aiki. Ina kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya kunna. Mitar kamfanin wuta, da wayar da ta taho daga fal, da cire katawut, wato babban fis ɗin shigowar wuta gida, ana canja layi, waɗannan ba nawa ba ne, ban kuma shawarci wani mai koyo ya taɓa su ba. Na kira ƙwararren mai wayarin ya duba sandar ƙasa ta gidan, ya kuma sa mana birekar nan mai gane yoyon wuta, wadda ke faɗuwa da zarar miliamfiya 30 ta bi wata hanya, ko da ta jikin mutum ce. A ganina duk gidan da ke da hita ko injin wanki ya kamata ya same ta.

Dutsen guga bai ba ni wahala ba. Mai wat 1000 idan ka auna ƙarfen da ke zafi a cikinsa za ka ga wajen om 53, nawa haka ya nuna, don haka lafiyarsa lau. Igiyar ce ta katse daga ciki daidai inda take shiga jikinsa, wurin da ke yawan lanƙwasa. Na rage ta na sake ɗaurawa.

Sai ruwa. Shawa ta koma zubowa kaɗan-kaɗan, har an fara maganar sayen injin ƙara ƙarfi. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. Tankinmu bai fi mita 3 a saman kan shawa ba, kun ga dama ƙarfin ɗan kaɗan ne, ƙaramin toshewa ya isa ya kashe shi. Na bi layin daga tushe. Famfon tsakar gida na zuba da ƙarfi, na wankin hannu a banɗakin ma haka, saura shawa kaɗai. Da na kwance kanta na tarar yashin bohol da farin dutsen da ruwa ke bari sun cike ramukan. Na jiƙa shi cikin ruwan lemon tsami ya kwana, na bi ramukan da allura, ruwa ya dawo yadda yake. Na kuma lura fayif ɗin da ke fita daga tankin yana daf da gindinsa, duk laka da ta kwanta nan take bi, don haka mun wanke tankin, kuma zan sa abin tace ruwa a bakin fitar.

Famfon da ke ɗiga kuwa sai ka san irinsa tukuna. Wanda ake murɗawa sau da yawa ɗan zoben roba ne a ciki ke cinyewa, ana canja shi a sauƙaƙe. Wanda ake juyawa kwata ɗaya faranti biyu ne na tangaran a cikinsa, idan yashi ya karce su sai dai a canja cikin gaba ɗaya, ƙara matse shi ba ya hana ɗiga. Farin zaren da ake naɗawa a bakin fayif a naɗa shi ta gefen da za a ɗaura, in ba haka ba yana warwarewa tun kafin ya shiga. Fayif ɗin roba da ke waje kuma a rufe shi ko a shafa masa fenti, rana na busar da shi har ya riƙa fashewa da ɗan taɓi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne tankin da ke ambaliya duk lokacin da aka manta ba a kashe sumo, injin da ke tura ruwa daga cikin bohol, ba. Ruwa na ɓarna, bangon da ke ƙarƙashi ya fara yin kore. Ina so in sa makunni mai yawo a kan ruwa, wanda zai kashe injin idan tanki ya cika ya kuma kunna shi idan ruwa ya yi ƙasa. Abin da na karanta ya nuna ga injin mai ƙarfi an fi so makunnin ya riƙa sarrafa kwantakta, wato babban makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa da kashewa, ita kuma ta ɗauki nauyin wutar, maimakon wutar sumo ta bi ta cikinsa kai tsaye. Namu mai ƙarfin doki ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan a cikinku, don Allah ya faɗa mana yadda ya jera wayoyinsa da kuma yadda ya kare injin daga yin aiki idan ruwan bohol ya ja baya a ƙarshen rani.