Yadda sarewa ta kusa kashe min hannu

Tun ina firamare a Asawase cikin Kumasi nake busa atenteben, sarewar goran nan tamu ta Ghana da Ephraim Amu ya gyara har ta shiga makarantu. Ita a tsaye ake riƙe ta, ba nauyi, ban taɓa jin ciwon komai ba. Wahala ta fara ne da na sayi ta ƙarfe ta gwanjo a Adum, irin wadda Bajamushen nan Theobald Boehm ya tsara a 1847, ita kuma a kwance ake riƙe ta zuwa dama, hannun hagu ya ratsa ƙirji wuyan hannu a lanƙwashe.

Ana saura sati uku faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, na shiga busa awa huɗu kullum ba hutu, in na ajiye sarewa kuma sai in ɗau waya. Wani dare na farka babban yatsa da manuni da na tsakiya duk kamar ba nawa ba, kamar tururuwa na yawo a ciki. Da safe kofin koko ma sai da ya suɓuce min. Hajiya ta shafa min man kaɗanya tana faɗa, wai dama ita bata ga amfanin bushe-bushen nan ba.

Likita yace jijiyar da ta bi ta wuyan hannu ce ta matsu, wai da ƙaramin yatsa ne sai a fara duba gwiwar hannu. Ya bani abin ɗaurewa na dare, yace in huta.

Amma wanda ya gano tushen abin wani dattijo ne a Aboabo, tsohon mai busa a badujala. Ko minti biyu bai kalle ni ba yace "Ɗana, wuyan akuya kake shaƙewa ne?" Nace Baba in ban danna da ƙarfi ba sautin baya fita. Sai ya yago siririyar takardar sigari ya sa ƙarƙashin makulli ɗaya, wato marfin ramin sarewar, ya rufe ya ja, takardar ta zare salin alin. Ashe fatun makullai biyu na yoyon iska, hunturu ya busar da su, ni kuma ina ta biyan bashin da yatsuna. Wallahi kunya ta kama ni.

Ya nuna min wuri uku ne ke ɗauke da sarewar, haɓa, gindin manunin hagu, da babban yatsan dama, sauran yatsun aikinsu taɓawa kawai. Gwiwar hannu kar ta tashi sama kamar kaza zata tashi, kai kuma ya ɗan juya hagu ba wai a miƙa wuya a je a tarbi sarewa ba.

Yanzu minti 20 nake yi in ajiye in girgiza hannu, da asuba in ana sanyi sai na sa hannu a ruwan ɗumi tukuna. Faretin dai ya wuce ni, cikin 'yan kallo na tsaya da hannu a ɗaure, yaron da ya maye gurbina kuwa gwiwarsa na can sama.