Takardar da ba ta tambayi abin da maharan suka faɗa ba

Har yau in na tuna takardar tambayoyin nan, raina ɓaci yake yi. Wata ƙungiya ce ta kawo mana ita a Tawa bayan harin yankin Tiliya na 21 ga Maris 2021, wanda gwamnati ta ce ya ci rayuka 137. Aikinmu shi ne mu zauna da waɗanda suka tsero mu rubuta shaidarsu: suna, gari, mutum nawa aka kashe a gida, dabbobi nawa aka kora. Muka cika, muka ɗaure, muka kai Yamai.

Wani dattijon lauya ya duba tarin, ya ɗago kai ya tambaye mu ina abin da maharan suka furta, wa suka ware, wa suka ƙyale. Babu ko layi ɗaya. Takardar ba ta bar wa wannan gurbi ba.

Tun 2003 Nijar ta sa kisan ƙare dangi cikin kundin hukunta laifuka, aya ta 208.1. Hukuncinsa kisa ne, kuma tsawon shekaru ba ya goge laifin. Ina alfahari da wannan ayar. Sai dai ba yawan gawa take nema ba. Tana neman hujjar cewa an ƙulla shiri na shafe wata al'umma, duka ko wani sashenta, saboda ƙabilarta, addininta ko asalinta. In babu wannan hujjar, alƙali zai iya kiran abin kisan kai ko cin zarafin bil'adama, amma ba ƙare dangi ba. Ko kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya, wadda ta kama Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba na Ruwanda, da wannan laifi a 1998, daga bakin shaidu ta gano niyyar: kalaman da aka riƙa furtawa, da yadda ake tsame 'yan ƙabilar Tutsi a bar sauran.

Ban ce abin da ya faru a Tiliya ƙare dangi ne ba. Faɗin haka aikin alƙali ne. Abin da ke cina shi ne ba mu kai masa abin da zai auna ba. Akwai wata tsohuwa da ta fara ba ni labarin abin da ta ji ana faɗa a bakin rijiya, mai kula da mu ya ce a bi takarda, lokaci na ƙurewa. Da muka koma nemanta, ta bi danginta, ba wanda ya san inda suka nufa.

In an aike ka irin wannan aikin, bar mai shaida ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka taɓa takarda. Rubuta kalaman maharan da harshen da aka faɗe su, Tamashek ne ko Fulatanci ko Hausa, kada tafinta ya gyara. Tambayi wa aka ƙyale, kuma don me. Ka kuma karɓi sunan wani ɗan'uwan mai shaida mazaunin gari, domin mai gudun hijira ba ya daɗewa wuri ɗaya.