Maganin Ranar Juma'a na Yayata

Yayata tela ce a Tudun Wada, kuma shekara 3 ke nan da likitoci suka tabbatar cewa kumburin yatsunta amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki kan juya ta riƙa cin gaɓoɓin mai ita. Idan hunturu ya kama, takan shafe fiye da awa guda bayan sallar asuba tana murza hannuwanta cikin ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe almakashi.

Da aka rubuta mata methotrexate hankalina bai kwanta ba, domin aikin maganin shi ne rage ƙarfin garkuwar jiki, mu kuwa tarin fuka da ciwon hanta ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Na ce mata, "Yaya, anya ba za a yi gudun gara a faɗa gidan zago ba?" Bayanin likita ne ya sauya mini tunani. Gaɓar da ciwon ya cinye har ta lanƙwashe ba ta komawa yadda take, alhali yawancin illar maganin ana iya gano ta da wuri ta hanyar gwajin jini. Saboda haka sai da aka duba hantarta da ƙodarta, aka ɗauki hoton ƙirjinta, sannan ta fara sha, sau ɗaya tak a mako, tare da ƙwayar folic acid, wani bitamin mai rage illar maganin, a wata ranar daban. Ta zaɓi Juma'a, ta rubuta da alli a bayan ƙofar ɗakinta, domin shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa.

Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne batun haihuwa, tun da maganin yana cutar da ɗan tayi, dole ta jinkirta ɗaukar ciki har sai likita ya sauya mata shi, ya kuma ce maganin ya gama fita daga jikinta.

Bara tari ya kama ta da zazzaɓi, wani maƙwabci ya sayo mata Septrin daga kemis da kyakkyawar niyya. Allah Ya sa ta tuna gargaɗin da aka yi mata cewa haɗa shi da methotrexate yana iya durƙusar da ɓargon da ke ƙera jini, sai ta ajiye shi muka nufi asibiti. An dakatar da maganin nata har ta warke, sannan ta ci gaba. Kayan sallar 'ya'yana na bana da hannunta ta yanka ta ɗinka.