Sai na ga dokin

Mai amalanke zai shigo rumfata, ya nuna abin wuyan da ke rataye, ya ce, "Baduku, nawa wancan?" Ni kuma in ce, "Ina dokin?" Wasu har haushi suke ji, a ganinsu jan rai nake yi. A nan Damagaram dama shanu da jakuna ne suka fi jan amalanke, dawakin ja tsiraru ne, amma ko na jaki ne ba na ɗinka wa dabbar da ban shafa kafaɗarta ba.

Iri biyu nake yi. Akwai ɗamarar ƙirji, fata mai faɗin tafin hannu da ke zagaye ƙirji, wata siririya ta haye wuya ta riƙe ta. Ita ce mai araha, kuma ta isa in kayan ba nauyi, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya. Wurin zamanta ne abin lura. Ta hau sama, ta shaƙe maƙogwaro. Ta sauka ƙasa, ta yi ta gugar gaɓar kafaɗa a kowane taku, alhali tsakanin nan yatsu kaɗan ne. Igiyoyin ja kuma dole su ƙare a jikin sandar nan mai lilo ta gaban amalanke. In aka ɗaure su kai tsaye a ƙarfe, ɗamarar ta zama zarto.

Na biyun shi ne zagayayye mai cushe, wanda ke kwanciya bisa allon kafaɗa. Mai ɗaukar bulo ko yashi ko duro-duron ruwa, shi nake cewa ya saya, don nauyin bazuwa yake yi, doki ya tura da dukan jikinsa. Waje ƙirgi nake sawa, ciki fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, cushen kuwa audugar rimi. Wajen gwaji, tafin hannuna ya shige tsakaninsa da maƙogwaro, a gefe kuma yatsu kaɗai.

Wannan gwajin ma ya taɓa ba ni kunya. Da kaka na auna wani jan doki, ya ci harawa ya yi ɓul-ɓul, abin wuya ya zauna ɗas. Bazara na yi sai ga mai shi ya jawo shi da ragama, kafaɗa duka biyu sun saluɓe, ƙuda na bi. "Maigida, ka ga aikinka," in ji shi. Dokin ya rame, abin wuyan ya yi masa yawa, yana ta lilo yana cin fata. Ɗinkin lafiya lau, laifina ban gaya masa ya dawo ba. Na ƙara cushe kyauta, dokin kuwa sai da ya sha hutu kafin mikin ya rufe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar taya da igiyar leda da ake ɗaura wa jakuna. Roba ba ta shan zufa, rana ta dafa ta, ta dafa fatar dabba. Wanda bai da kuɗin fata, ina ce masa ya naɗe ta da tsohon bargo ko buzu, ya riƙa kankare busasshiyar zufa kowace yamma. Jiya ma wani yaro ya kawo jakinsa da haka, na yanko masa guntun buzu a ragowar da ke ƙarƙashin tabarma, na nuna masa inda zai ɗinke.