Tarihin Rayuwata, Kashi Na Bakwai: Shekarar Da Muka Naɗe Zannuwa

Makon jiya na tsaya ne a inda Hajiya ta tsince ni a bakin tasha a Kano, bayan Yaya ya watso mini kayana waje ya ce gidanmu ba a haifi ɗan daudu ba. Hajiya ita ce uwar ɗakina. A masallaci sahun maza take bi, kuma sunan maza aka raɗa mata ranar suna, amma mu da ke ƙarƙashinta ba mu taɓa kiran ta da wani suna ban da Hajiya ba. In muna mu kaɗai sai ta ce mini "ke", baƙo na sallama ta koma "kai", ko numfashi ba ta sauyawa.

A hannunta na koyi sana'a. Tun kafin kiran assalatu muke tashi, ƙullun waina ya kwana ya kumbura, ta ɗanɗana da yatsa ta ce a ƙara ɗan kanwa ko a bar shi. Ita ta nuna mini yadda ake zuba mai a tanda kaɗan-kaɗan, da yadda ake juya waina da tsinke ba tare da ta fashe ba. Miyar taushe kuwa ba ta yarda kowa ya taɓa mata, ita take yanka kabewarta, ita take daka gyaɗarta. Da hantsi mu koma suyar kaji saboda direbobi da fasinjan yamma. In kakar biki ta zo, matan manya su aiko mota a ɗauke mu mu yi musu alkaki da dubulan da nakiya na gara. Muna shiga har uwar ɗaka, a yi wasa da dariya, a ce hannunmu ya fi na kowa. Washegari ka haɗu da mijin matar a hanya ka gaishe shi, ya kau da kai. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Hajiya ta ga zamanin da ban gani ba. Takan ba mu labarin bukukuwan da ake yi a Sabon Gari kafin a ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000, a ɗauko makaɗa, 'yan daudu su zo daga Kaduna da Jos da Zariya, a kwana ana liƙi. Bayan an kafa hukumar Hisba a 2003 abin ya koma cikin gida, ƙofa a rufe. Ban daɗe da zuwa wurinta ba, a 2007, aka kama mutum 18 a wani otal a Bauchi aka ce sun yi shigar mata. Ranar da labarin ya iso, Hajiya ta ce kowa ya rage kwalli, ta ci gaba da suyarta. Ta saba ganin guguwa ta taso ta kwanta.

Ta 2014 ce ba ta kwanta ba. A watan Janairu muka ji a rediyo cewa Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya shiga ƙungiya ko taron irin waɗannan mutane ko ya tallafa musu. Mu babu wanda ya taɓa zancen ɗaura aure a cikinmu. Yawancin manyanmu ma suna da mata da 'ya'ya a garuruwansu, kuma ba kowane ɗan daudu ne yake harka da maza ba, wasu girkin ne kawai da yanayin magana da Allah ya yi su da shi. Amma wa zai tsaya ya bambance? A cikin watan ne aka yi kame a Bauchi, jama'a suka taru suna jifan kotun Musulunci da duwatsu, suna neman a yanke wa waɗanda aka gurfanar hukuncin kisa. A wayar wani kwandasta muka ji rahoton, muna tsaye da matankaɗi a hannu, ba wanda ya ce uffan.

Daren nan Hajiya ta buɗe adakarta. Atamfofi ne da leshi da ɗankwalaye na shekara da shekaru, wasu tun na bukukuwan Sabon Gari, ƙamshin turaren wuta bai bar jikinsu ba. Ta ɗauki kowanne ta shafa shi, ta faɗi bikin da ta ɗaura shi, sannan ta naɗe. Muka zuba su a buhun shinkafa, aka kai gidan wata bazawara da muke yi wa girki kyauta in tana da hidima. Matar nan ba ta tambayi komai ba, ta tura buhun ƙarƙashin gado ta ce, "Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya." Ina sa ta a addu'a har gobe.

Ba a kama ko ɗaya daga cikinmu ba a shekarar, kuma duk da haka ita ce shekarar da ta fi kowace wuya. Dokar ta zama sanda a hannun duk wanda yake jin haushinmu ko yake son kuɗinmu. Samarin unguwa da suke cin wainarmu bashi suka fara zuwa da dare, a ba su na shayi ko su kira hukuma. Mai gidan da muke haya ya ninka kuɗi, da muka biya kuma ya dawo ya ce maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, mu tashi kafin ƙarshen wata. Matan manya suka daina aiko mota. Wata ƙawarmu wani ya yaudare ta a waya ya ce su haɗu, tana zuwa ta tarar da mutum huɗu, suka yi mata duka suka ƙwace wayar, suka bi lambobin ciki ɗaya bayan ɗaya suna neman kuɗi. Ina za ta kai ƙara? Wanda ya je ya faɗi yadda aka yi, shi za a fara tsarewa.

Adashi ne ya riƙe mu. Da a bainar jama'a ake zubi, ranar kwasa a yi shagali. Yanzu sai wani yaro ya zaga da leda kamar mai kai saƙon abinci. Da kuɗin muka kama ɗaki a bayan gari, da shi muka yi jinyar wadda aka daka. Da ciwon suga ya kwantar da Hajiya, ƙafarta ta kumbura ta ƙi warkewa, da shi muka sayi magani. Ta daɗe tana ƙin zuwa asibiti don gudun kallo da ƙus-ƙus ɗin layi. Ranar da ta yarda, na sa mata babbar riga da hula, na roƙe ta ta rage magana. Likitan da ya duba ta mutumin kirki ne, sai dai ya ce mun makara.

Ni nake kwana da ita. Dare ɗaya ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kar ki bar salla don mutane sun ce ba ta karɓuwa. Ba su ne masu karɓa ba." Ta rasu cikin azumin shekarar, da carbi a hannunta.

Ƙaninta ya zo da mota daga garinsu ya ɗauki gawar. Mutumin nan Hajiya ce ta biya masa kuɗin makaranta, ita ta yi masa lefe da kuɗin waina. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kada ɗayanmu ya kuskura ya taka zaman makoki, su mutanen mutunci ne. Ba mu yi musu da shi ba. Ranar uku muka kunna tanda tun asuba, muka yi waina da taushe irin nata gwargwadon iyawarmu, muka raba wa almajirai da direbobin tasha. Wani tsohon direban Haɗeja ya ajiye kwanonsa ya ɗaga hannu ya ja fatiha da ƙarfi, ya kira ta da sunanta na yanka, mutanen da ke wurin suka shafa tare da mu.

Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga kira daga gida, karo na farko tun da aka kore ni. Ƙanwar Inna ce. Ta ce Inna ba ta da lafiya tana nemana, kuma Yaya ya ce ya yafe mini in dawo, amma da sharaɗi: ya riga ya nema mini auren 'yar kawunmu, har an karɓi kuɗin gaisuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na koma gida da abin da yarinyar ta ce mini ranar da aka bar mu mu biyu a zaure.