Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kazar da aka ba ni gyara

A makon jiya na tsaya a inda na fara sana'ar figar kaji bayan na fita takaba. Gidajen gona na bayan garin Zariya sukan sayar da kajin ƙwai idan sun kai kamar shekara ɗaya da rabi, lokacin da ƙwan ya ja baya, kuɗin abinci ya fi abin da suke kawowa. Mu saro, a yanka, mu fige, mu kai wa masu gashi da masu abincin sayarwa.

A wani sari da ƙanena ya kawo min da hunturu, akwai wata jar kaza da aka ba shi gyara. Wuyanta da ƙirjinta babu gashi, wayar keji ta cinye shi wajen zuro kai cin abinci. Zankonta ya yi fari ya kwanta gefe guda. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo sun lanƙwashe, don ƙafar ba ta taɓa tonon ƙasa ba. Sauran suna ta kyarkyara, ita ta cusa kai a lungu ta runtse ido.

Inna, surukata, ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, kira almajiri ya yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

Na ce, "Inna, a yi haƙuri a bar min ita. Babu naman kirki a jikinta, in kuma ciwo ne ba zan sayar wa mutane ba." Abin da ban faɗa mata ba, da na ɗaga kazar nan ko fiffike ba ta kaɗa ba, kuma wannan shirun ya tsaya min a rai.

Na ware ta a kwando a ɗakin girki, saboda hunturu lokacin annobar kaji ne. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata maɗaci da barkono, na yi godiya, na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba wuya bai murɗe ba, kashinta ba kore ba ne, ya ce ba annoba ba ce, ƙarewa ce kawai da ƙwarƙwata. Irin waɗannan kaji suna yin ƙwai kusan 300 a shekara, alhali kazar Hausa da wuya ta haura 60. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kamar giram 2, in abinci bai wadatar ba daga ƙashinta jiki yake ɗiba. Ya ce, "Hajiya, kada a ƙara ɗaukar ta ta ƙafa ko ta fiffike, karyewa za ta yi. A rungumo ta." A bakinsa na ji cewa Tarayyar Turai ta hana irin wannan matsattsen keji tun 2012. Mu nan har gobe a ciki ake tara su.

Ciyar da ita ya fi komai wuya. Na watsa mata gero ta bi shi da kallo, ba ta san abinci ba ne. Garin abincin gidan gona kaɗai ta sani, shi na riƙa damawa da ruwan ɗumi a kwano mai zurfi, domin an guntule mata baki tun tana 'yar tsako, ba ta iya tsintar abu a ƙasa. Ina gasa ɓawon ƙwai in daka in barbaɗa a kai. Ruwa ma sai na tsoma bakinta a kasko, da maganin ƙarin kuzari a ciki.

Jiki ya riga zuciya warkewa. Zanko ya fara ja, tsinin sabon gashi ya tsattsafo a wuya, amma ko na kwantar da kwandon a tsakar gida sai ta tsaya a bakinsa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta mayar. Inuwar shirwa ba ta dame ta ba, amma faɗuwar murfin tukunya sai ta sa ta maƙure. Na daina tura ta. Nakan zauna kusa ina tsince shinkafa, ina yi mata magana.

Wata hantsi autata ta shigo da gudu tana kuka, "Umma, kazarki tana shure-shure!" Na fito na tarar da ita a bakin murhu, kwance ta gefe cikin tsohuwar toka, tana watsa ta bisa bayanta da fiffike. Birgima take yi, ta farko a rayuwarta, babu wanda ya koya mata. Inna da kanta ta tsaya da buta a hannu tana cewa ikon Allah.

Ganin haka na yanke shawarar haɗa ta da kajin Inna a akurki ɗaya. Akwai wata baƙar uwar kaji a cikinsu da ko zakara yana shakkarta, kuma ba ta yi maraba da baƙuwa ba. Yadda muka kwashe da ita, da maganar da ta shiga tsakanina da Inna a kai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.